Ja-goran Landiroba

Wani ne a wani ƙauye arewa da Barmu, can inda gonakin gero suke ƙarewa daji ya karɓa. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan Tawa, ɗaya ma kabu-kabu yake yi, kada wata rana in hau bayan babur ɗinsa ya zubar da ni. Mutumin nan Allah ya ba shi baki, ya hana shi abin da ake ajiyewa cikin kai. Shi dai a duniya ba dabbar da bai sani ba. Raƙumi zai wuce lafiyarsa ƙalau, ya ce ciwon hanta gare shi. In ya jiyo kukan shanu daga nesa sai ya ce wannan cikinta wata uku, a je a duba a tarar da bijimi. Dukiyar gidansa kuwa akuya ɗaya ce tal, ita ma ta matarsa Kadidiya ce, kuma ta hana shi matsawa kusa da ita.

Abu ɗaya ke cin ransa. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Tawa, a ƙasa, bayan jakin wani. Ya shiga kasuwar dabbobi ya sa baki cikin cinikin da ba a kira shi ba, dillalai suka yi masa ature har bakin hanya. Tun daga ranar ya rantse sai ya koma kasuwar nan a yanayin da za su miƙe tsaye su gaishe shi.

Labarin daga bakin Alhusaini shofer na ji shi, kuma har ya tsufa in ya tuna sai ya ja tsaki.

Shekara uku da samun mulkin kai, gwamnati ta watsa ma'aikata cikin daji suna yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Aka haɗa wani likitan dabbobi, mutumin Damagaram mai suna Almustafa, da Landiroba ɗaya, Alhusaini na tuƙi. Ƙauyen nan mota ba ta taɓa taka shi ba, labarinta kawai suke ji wajen masu zuwa kasuwa.

Da hantsi suka ji ruri daga kudu. Mata suka yar da taɓare. Kaji suka haye danga. Maigari kansa ya tuna yana da uzuri a cikin gida. Gogan naku kuwa, masanin dabbobi, kafin kowa ya ɗaga ƙafa yana kan rumbu. Kun san rumbun Adar, ƙato ne mai santsi, ba a hawansa sai da tsani. To shi ba tsani ya hau, kuma har yau ba wanda ya san ta yaya.

Mota ta tsaya gindin itacen bedi, ta yi shiru. Aka ga mutane biyu sun fito daga cikinta da ransu, har suna sallama. Sannan maigari ya gama uzurinsa ya fito, jama'a suka biyo shi a ɗarare.

Likita ya gaida maigari, ya ce da Hausarsa mai gauraye da Faransanci, "Ranka ya daɗe, ja-gora muke so zuwa rijiyar Gawo Uku. An tara mana shanu can. In la'asar ta yi sun gama shayarwa za su watse, sai kuma wata shekara. Maganinmu cikin ƙanƙara yake, in ta narke ya lalace. Bon. Wa ya san hanya?"

Kowa ya san hanya, amma kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa.

Likita ya sa hannu cikin mota ya fito da hular hana-salla ta kaki, da tambarin ƙarfe yana walƙiya a goshinta. Ya ce, "Wanda ya kai mu kafin la'asar, hular nan tasa ce. Ran Lahadi kuma mu shiga Tawa da shi a gaban mota, ta tsakiyar kasuwar dabbobi."

Sai aka ji tim! Mutumin ya diro daga rumbu.

"Ni na! Ni ka kai ku!"

Maigari ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da kah haye rumbu?"

"Ranka shi daɗe, ai ba tsoro na ba. Dabba in za ka santa, daga bisa aka hwara dubinta, ka ga gadon bayanta. Ku da kunka tsaya ƙasa mi kunka gani?"

Tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta. Ya goya hannu a baya, ya shiga zagaya motar daga nesa, ta inda ko ta yi harbi ba za ta same shi ba. Ya durƙusa a gabanta ya leƙa ragar ƙarfen nan.

"Haƙoranta ba su gama hita ba. Ƙarama ta, ba ta wuce shekara huɗu ba."

Alhusaini ya dubi likita, ya ce, "Wallahi shekaratta huɗu."

Ai kuwa sai kan mutumin ya ƙara girma. Ya nuna fitilun da sanda. "Kun ga idanunta kusa da juna? Dabba mai ido kusa da juna mugun hali gare ta. Shofer, tana cizo?"

Alhusaini ɗan Tawa ne, ba ya barin abin dariya ya wuce shi. Ya gyara fuska ya ce, "Sai wanda ba ta sani ba."

"Na hwaɗi! Tana harbi?"

"Ta baya, in ta sha ruwa cikin manta na isansi."

Mutumin ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake zato ke nan. Kadidiya ta kutso cikin mutane, ta ja gefen rigarsa.

"Malam, ka ruhwa muna asiri. Jakin maƙwabta sau biyu shina kada ka, ɗaya ma shina tsaye. Ina kai ina wagga aba?"

"Kadidiya, koma gida. Ran Lahadi ki ji labari daga Tawa."

"Labari kam za ni ji shi," in ji ta. Ta juya ta tafi ɗaure akuyarta.

Aka ce a tashi. Alhusaini ya buɗe ƙofa ya ce, "Bisimilla ja-gora, shigo tsakiya."

Mutumin ya leƙa ciki. Ya ga sanduna na ƙarfe sun tsiro daga ƙasa, ɗaya da jan kai, ɗaya da rawaya. Ya ji wani wari da bai taɓa ji ba. Ya ja da baya da sauri. Amma bakin nan bai mutu ba.

"Ku mutanen birni ba ku san aiki ba. Ina kunka taɓa ganin ja-gora cikin cikin dabba? Ja-gora gaba shika tahiya, akala ga hannu. A ba ni igiya!"

Likita ya ce, "Malam, mota ba ta son akala."

"Raƙumi ma ba shi so, dole aka yi mai."

Aka kawo igiyar guga, doguwa. Ya lallaɓa yana "sannu, sannu, yarinya," ya ɗaura ta a ƙarfen gaban motar. Sai ya ga hannu ɗaya na riƙe da mashi, ɗaya na riƙe da goran ruwa. Ina za a riƙe akala? Sai ya ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙugunsa, ya yi mata ƙulli uku, irin wanda ake yi wa saniya mai tsinkewa.

Suka fita gari. Shi a gaba yana taƙama, ƙirji waje, yana waiwayen mutane ko suna kallo. Landiroba a baya tana rarrafe, tana gunaguni. Duk wanda suka wuce sai ya ɗaga masa mashi ya ce, "Kun gani? Ta san maigidanta!"

Suka yi tafiya mai ɗan nisa a haka. Likita ya dubi agogo, ya waiwaya ya dubi akwatin ƙanƙara, ya dubi rana. Gumi ya keto masa.

"Alhusaini, a wannan tafiyar sai jibi. Ka ce masa ya ɗaga ƙafa."

Alhusaini kuwa hannu kawai ya ɗora a kan oda.

Fiiiim!

Jama'a, goran ruwa ya yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. Mutumin ya zabura da gudu, ya manta sarai da abin da ya ɗaura a ƙugu. Alhusaini ya ga igiya za ta miƙe ta raba shi biyu, dole ya ƙara wuta. Mutumin ya waiwaya ya ga idanun nan biyu sun matso. Ya ƙara mai. Shofer ma ya ƙara. Ya karkata dama, ta karkata dama. Ya yanki hagu, ta yanko hagu. Ya faɗa cikin ƙarangiya har gwiwa, ta biyo shi ko a jikinta.

"Wayyo Allah! Shofer, riƙe ta!"

"Kai ka riƙe da ita, ja-gora! Akala na gare ka!"

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah! Ban ce mugun hali gare ki ba, maigari yac ce!"

Alhusaini ya leƙo da kai yana ihu, "Tsaya! In ka tsaya ta tsaya!"

"Ƙarya kaka yi! In nit tsaya ta cinye ni!"

Likita kuwa ya gyara zama, ya dubi agogo ya ce, "Bon. Yanzu muke tafiya."

Sai dai ba hanyar Gawo Uku ake yi ba. Mai gudun rai ba ya zaɓen hanya. Mutumin ya bar turbar shanu mai tauri, ya hango wata busasshiyar ƙorama da itatuwa a bakinta, ya ce a ransa in ya kai can ya hau bisa. Ya gangara cikinta. Yashi ne lallausa kamar garin tuwo. Kafin Alhusaini ya taka birki mota ta biyo shi ciki, ta yi tafiya kaɗan, ta nutse. Igiya ta miƙe. Mutumin ya tashi sama ya dawo da baya, ya zauna daɓas.

Ya daɗe a zaune yana haki, harshe waje. Da ya ga motar ba ta motsi, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya tsinci ƙarangiya biyu uku daga gemunsa, ya tako a hankali.

"Kun gani? Haka aka horon raƙumi mai taurin kai. Ka yi ta gudu da shi hal shi durƙusa da kainai. Ga ta nan ta durƙusa."

Likita ya buɗe baki, ya rasa Hausar da zai yi, ya zage shi da Faransanci. Mutumin ya ce, "Amin, likita, na gode."

Alhusaini ya ja sandar nan mai jan kai, ya ba ta wuta. Ƙafafu huɗu suka juya tare, suna watsa yashi sama. Maimakon ta fito sai ta ƙara haƙa wa kanta rami, har cikinta ya kwanta ƙasa. Ya gwada baya, haka. Ya kashe ta ya fito yana sharce gumi.

Daga kan gaɓar ƙoramar ana hango gawo uku ɗin can nesa, da duhun shanu a ƙarƙashinsu. Rana ta ɗan karkata, amma da sauran lokaci.

Alhusaini ya ce, "Likita, in munka samu reshe da duwatsu munka shimhiɗa ƙarƙashin taya, yanzu ta hita. Mu tai mu saro sabara." Ya ɗauki adda, ya juya wajen mutumin. "Kai kuma ja-gora, tsaya nan. Ka yaye yashin ga daga ƙahwahunta da hannu. Shi kaɗai nis sa ka. Ka ji?"

"Tahi abinka. Ƙahwar dabba ai aikina ta."

Wannan kalma da Alhusaini ya tsaya ya auna ta, da bai tafi ba. An ba kura jiran akuya.

Suka haye gaɓa suka ɓace cikin sabara. Mutumin ya durƙusa ya fara yaye yashi daga ƙafar gaba. Hannunsa ya taɓa taya. Ya janye da sauri. Zafi rau! Ya sake taɓawa, ya latsa da babban yatsa. Tauri kamar fatar ganga. Ya ja da baya ya ƙare mata kallo: baƙa ƙirin, ta yi suntum, ba gwiwa ba kofato, duk ta haɗe.

Ya zaga ya taɓa ta biyu. Haka. Ta uku da ta huɗu, haka.

Ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Ashe baiwar Allah ba mugun hali na ba, ciwo na! Ƙahwa huɗu dut sun kumbura, sun yi zahi, sun yi baƙi, kuma anka ce likitan dabbobi na bisa bayanta! Wane irin likita na wanga? Dole ta yi ta ruri!"

Har tausayi ya kama shi. Ya shafa mata gefe ya ce, "Yi haƙuri, kin zo hannu."

Ko yaron makiyayi ya san abin da ake yi wa kumburin da ya nuna: sakiya. A gasa ƙarfe ya yi ja, a huda wurin, mugun abu ya fita. Mutumin ya taɓa gani ana yi wa wani sa, daga nesa. Ya tattaro ƙirare da busasshen kashin shanu, ya ciro ƙyastu daga aljihu ya hura wuta. Ya cusa kan mashinsa ciki. Yana jira yana murmushi, yana ganin kansa ran Lahadi da hula, dillalan Tawa suna ture juna wajen ba shi hannu.

Mashi ya yi ja. Ya yi bisimilla, ya kafa shi a gefen tayar gaba, ya danna da ƙarfinsa duka.

Fuuuush!

Wani hayaƙi mai ɗoyi ya bugi fuskarsa. Ya toshe hanci yana murna. "Ka ji wari! Ta ruɓe ciki! Da an ƙara kwana biyu sai yanka." Motar ta ɗan sunkuya gefe ɗaya, ta yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Kin ji daɗi ko? Saura uku."

Ya mai da mashi wuta. Ya yi wa ta biyu. Ya yi wa ta uku. Kafin ta huɗu har ya ƙware, bugu ɗaya ya yi mata. Landiroba ta zauna dirshan cikin yashi, shiru, ba ko motsi.

Ya ja da baya yana duban aikinsa, sai idonsa ya faɗa kan hancin motar. Ga wata taya guda kwance a bisa, an ɗaure ta da ƙarfe. Ya hau ya latsa. Ita ba zafi, amma tauri ɗaya.

"Subhanallahi! Har ya hito mata ga kai. Wanga shi na uwar ciwon."

Can cikin sabara Alhusaini ya ji fush na farko, ya ce iska ce cikin itace. Ya ji na biyu, ya tsaya da sara. A na uku ya yar da adda. A na huɗu yana gudu, likita na bin sa da rungumen reshe. Suka iso bakin gaɓa daidai lokacin da mutumin ke tsaye kan motar, ƙafa a ware, ya ɗaga jan mashi da hannu biyu.

"Kada! Kada ka…"

Fuuuush!

Likita ya saki reshen. Ya sauko a hankali, ya zaga motar sau ɗaya, ya leƙa baya. Ruwa na ɗiga daga akwatin ƙanƙara, ɗis, ɗis, yashi na shanyewa. Ya ɗaga kai ya dubi Gawo Uku. Garken farko ya riga ya fara tashi. Sai ya zauna a ƙasa da wandonsa na gwamnati, ya dafe kai, ko Faransancin ya ƙare masa.

Mutumin ya diro, ya soke mashi a yashi, ya karkaɗe hannu.

"Likita, ba don in kunyata ka ba, amma ka ƙara karatu. Yanzu a bar ta ta huta kwana uku, a jiƙa mata dussa da kanwa, kada a aza mata kaya. Hulag ga kuwa ba ni ita yanzu, in saba da ita kahin Lahadi."

Alhusaini ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe masa wuyan riga. Idanunsa sun yi ja.

"Hula? Hula kac ce? Taya biyar! Biyar, ɗan banza, hal da ta sauyi! Ka kashe mota, ka kashe magani, shanun mutane sun watse! Nan da Tawa kwana biyu na a ƙasa, kuma ni za a tsayar gaban kumandan! Mi nic ce ka yi? Yashi nic ce ka yaye! Wa yas sa ka? Wa yas sa ka?"

Mutumin ya ɓamɓare hannun daga wuyansa, ya gyara riga, ya nuna tayoyin da suka kwanta shame-shame.

"Kai shofer, bar hargowa. Duba da idonka ka hwaɗi tsakaninka da Allah: kumburin ya saɓe ko bai saɓe ba?"